Fuskar Yaya Jafaru

Shafi na 27

Masu cika mini waya da saƙo wai ina ɓoye Munzali a bayana, to yau na matsa gefe, ga ku ga shi. Wanda bai karanta na baya ba kada ya damu, ya samu wuri ya zauna kawai.

*

Kwana huɗu ke nan Jafaru bai taka ƙofar gida ba. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar buhunan gero da riɗi daga kasuwar Sara zuwa Kano, wanda ko zazzaɓi bai taɓa hana shi tayar da mota ba, yau ga shi a ɗaki kamar mai jego, saboda wani bidiyo na daƙiƙa arba'in da ke yawo a wayoyin mutane. A cikin bidiyon ga shi nan da bindiga a kafaɗa, ga billensa a kumatun hagu, yana cinna wa rumbuna wuta yana dariya. Ranar da aka gane shi a wata kasuwa a hanyar Kano da ƙyar ya sha, gilashin motar ne ya karɓi duwatsun da aka nufi kansa da su.

Inna ta ce aikin maƙiya ne. Matarsa Hadijatu ta ce hassada ce. Mutum biyu kacal suka san gaskiya, ƙaninsa Munzali da abokin Munzalin, Abdulsamad mai gidan gem, wato wasan kwamfuta, a Birnin Kudu. Abin da ke yawo ba ɗaukar kyamara ba ne. Wani ne ya yanko shi daga sabon gem ɗin yaƙi na wani kamfanin ƙasar waje, ya goge rubutun gefe, ya sake shi a guruf-guruf na waya da sunan an kama 'yan bindiga suna ta'asa. Fuskar da ke ciki kuwa Munzali ne ya kai wa kamfanin ita da hannunsa.

Tun da abin ya faru gwanin naku ya maƙale a shagon Abdulsamad, a kan benci yake kwana, in sunan Inna ya fito a waya sai ya kifa ta.

Da hantsin rana ta biyar, kafin masu wasa su fara zuwa, Abdulsamad ya gaji. Ya tura ƙofar shagon, ya kunna babbar talabijin, ya sa gem ɗin ya kai shi daidai wurin.

"Kalle shi," ya ce.

"Na gani."

"Ba ka gani ba. Ɗago kai."

Munzali ya ɗago. Ga Yaya Jafaru ya cika talabijin, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Gumi ya taso daga gefen hanci ya bi layin billen ya tsaya a gemu. Abin takaicin shi ne, ko a wannan halin sai da wani lungu na zuciyar Munzali ya ce aikin nan ya yi kyau. Ya ji kunyar kansa har cikin ƙashi.

Abdulsamad bai ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta fi zafi. Ya ce shekara takwas da ya buɗe shagon nan, lokacin da mutanen cikin gem kawunansu kamar bulo, hannu babu yatsu, amma ihun murnar da ake yi a lokacin har mai shayin tsallake yana kawo ƙara. Yanzu fa? Kamfani zai yi shekara biyar yana zana gashin hanci da ramukan fata, amma in ka cire kyawun hoton labarin guda ne tun yana saurayi: a sauke ka a garin talakawa, a ba ka bindiga, ka harbi duk wanda ya motsa. Ya ce sun koyi zana hawayen mutum, ba su taɓa tambayar dalilin kukan ba.

Da can in Abdulsamad ya ɗauko wannan waƙar, Munzali ba ya barinsa ya kai ƙarshe. Yakan ce ai rainin da ake mana shi ne a zana bukka uku da raƙumin dawa a ce ga Afirka. In dai za a sa garinmu, a sa shi yadda yake, da katangarsa da rumbunsa da fuskokin mutanensa, duniya ta ga akwai mu. Da wannan tunanin ya koya wa kansa zanen kwamfuta a tsohuwar laftof mai fasasshen gefe, da shi kuma ya amsa tallar kamfanin da ke neman wanda zai turo musu katangu da fuskoki na gaske daga wannan yanki. A takardar aikin abin da suka rubuta a gaban fuskar Yaya shi ne ɗan ƙauye na bakwai. Bai tambayi me ɗan ƙauye na bakwai zai yi ba. Murna ba ta bar shi ba.

"Sun amsa wasiƙar taka?" Abdulsamad ya tambaya.

"Sun amsa."

"Me suka ce?"

Munzali ya miƙa masa wayar. Wasiƙa uku ya tura, biyun farko na'ura ce ta amsa, tana gode masa da ƙaunar da yake yi wa gem ɗinsu. Ta ukun ce mutum ya amsa, layi huɗu. Sun yi baƙin ciki da jin haka, amma ba su da hannu a abin da wasu ke yi da hotunan wasansu, kuma mai fuskar ya ba da izini. Har suka haɗo takardar iznin, ga sa hannun Jafaru a ƙasa ɓaro-ɓaro.

Abdulsamad ya daɗe yana kallon sa hannun.

"Yayanka da ajami yake rubuta sunansa," ya ce. "Na taɓa gani a tasha."

Ya ɗago ya dubi Munzali.

"Kai ka sa?"

"Ranar ce ta ƙarshe ta turawa. Yana Kano. Na ce ai ba wani abu ba ne."

Abdulsamad ya kashe talabijin. Ya zare laftof ɗinsa mai ƙarfi ya sa a jaka tare da hannun gem guda ɗaya, ya ɗauki makullin mashin. Ya ce yau za su je Sara, ko Munzali ya hau da ƙafarsa ko ya ɗaure shi a baya kamar buhu.

*

Kaka ta yi, gonaki dama da hagu an yanke gero an jingina, motocin hatsi suna wuce su a danƙare. Kowacce ta wuce sai Munzali ya duba direban. Lokacin nan ne na shekara da Yaya ba ya samun ko zaman cin abinci.

Inna suka tarar a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta rame a kwana biyar ɗin nan har ɗankwalinta ya yi mata yawa. Ba ta yi masa faɗan ƙin ɗaukar waya ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi sannu Auta, ta san hankalinsa ne ya tashi, ta sa Hadijatu ta kawo musu ruwa.

Kafin su sha ta zayyana musu komai. Shugaban tasha Malam Shehu ya zo da kansa jiya, ya rantse ya san yaron nan ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kau da kai, amma 'yan kasuwa sun ce ba za su ɗora kayansu a motar da ake jifa ba. An ba wa wani layinsa. Yaran gidan sun daina zuwa islamiyya saboda abin da ake kiransu. Ita kuwa ta gama bincikenta, Ɗan'azumi ne, direban nan da suka yi sa-in-sa a kan lodi bara. Ta daina gaisawa da uwarsa, maƙwabciyarta ta shekara talatin, kuma ta sa ana karatu a kan wanda ya yi wannan aiki, Allah ya tona shi tun a duniya.

Munzali ya ajiye ruwan.

"Inna, ba Ɗan'azumi ba ne."

"Kai ka san wane ne?"

"A kira Yaya."

Sai da Hadijatu ta shiga sau biyu sannan Jafaru ya fito. Munzali ya kusa ƙin gane shi. Ya aske gemun da ya yi shekara ashirin yana ajiyewa, fuskar ta fito fayau, sai billen ya ƙara fitowa fiye da da. Ga filasta a saman gira. Ya zauna a kan turmi ya amsa gaisuwarsu a hankali, har yana tambayar Abdulsamad ya kasuwa.

Abdulsamad ya ɗora laftof ɗin a kan kujera 'yar tsugunne a inuwar ɗaki, ya kunna. Munzali ya fara bayani, yana ta kewaye-kewaye, wasa ne, zane ne na kwamfuta, irin wanda samari ke biya su buga a Birnin Kudu. Babu wanda ke sauraronsa. Idonsu yana kan hoton.

"Wannan ai bayan gidan nan ne," Inna ta ce. Ta ajiye faifan ta matso. "Ga rumbun marigayi babanku. Ga tsagewar da ke jikinsa da nake ta cewa a liƙe. Ga tsamiyar gidan su Jummai."

"Zane ne, Inna."

"Wane irin zane ne ganye ke motsi?"

Sai ga Jafarun cikin hoton ya fito daga bayan rumbun da bindiga. Hadijatu ta rufe baki da mayafi. Jafaru bai motsa ba, ya dai karkata kai yana kallon kansa, yadda mutum ke kallon motarsa in wani ne ke tuƙa ta.

"Rigar ba tawa ba ce," ya ce. "Amma tsayuwar tawa ce. Haka nake sauke nauyi a ƙafar dama tun da na karye." Ya juyo. "Wa ya san wannan, Munzali?"

Ba wanda ya taimake shi. Abdulsamad ya sa ido a ƙasa.

"Ni ne, Yaya."

Ya faɗa duka. Bara bayan an gama sussuka, ranar da ya tsayar da Yaya a gefen rumbun nan yana zagaya shi da kyamarar aro, hoto ɗari da tamanin, ta gaba, ta baya, ta ƙasan haɓa. Da su kwamfuta ta gina mutum. Katangu da bishiyoyin ma haka ya yi musu. Ya faɗi zancen kamfanin, ya faɗi zancen sa hannun, bai rage ko ɗaya ba, don ya san in ya tsaya ba zai iya ci gaba ba.

Inna ta koma ta zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba.

"Ranar da ka ce in riƙe galma a kafaɗa," Jafaru ya ce.

"E."

"Ka ce hoton tarihi ne, saboda jikoki."

"E."

"Awa guda na yi a rana ban motsa ba. Har lodi na rasa ranar. Na ce wa mutanen tasha ƙanina yana aiki da Turawa." Ya ɗan yi murmushi, irin wanda gara kuka da shi. "Ashe galmar ce suka mayar bindiga."

Akwai abu ɗaya da Munzali zai iya binnewa, ba wanda zai taɓa sani, amma bakinsa ya riga ya buɗe. Ya ce mutumin kamfanin ya so ya goge billen, ya ce ya yi kama da tabon wuƙa, a canja hanci kaɗan kada fuskar ta zama ta wani takamaimai. Shi ne ya hana. Wasiƙa mai tsawo ya rubuta musu, ya ce wannan ba tabo ba ne, tsagar gidansu ce, in suka goge ta sun goge gaskiya. Har yabonsa suka yi a kan haka.

Hadijatu ta tashi ta shige ɗaki. Suka ji lokacin da ta faɗa kan gado.

Munzali ya jira mari. Wallahi da Yaya ya tashi ya ɗauki taɓarya ya sauke masa a baya da ya gode. Amma Jafaru direba ne, in mota ta lalace a daji ba ya tsayawa zagin wanda ya sayar masa da ita, gyara yake nema.

"To shi ke nan," ya ce. "Tunda kai ka sa ni, cire ni."

"Ba zan iya ba, Yaya."

"Ga abin nan a gabanka."

"Wannan kwafi ɗaya ne. Ko na fasa shi, akwai sauran."

"Nawa?"

Munzali ya kalli Abdulsamad. Abdulsamad ya ce a satin farko kamfanin ya yi shelar ya sayar da sama da miliyan uku.

Jafaru ya jinjina kai, kamar an faɗa masa farashin buhu. Ya tambaya a cikin wasan me ake yi da shi. Abdulsamad ya yi ƙoƙarin zillewa, ya ce ai mutane da yawa ne a ciki, shi ɗaya ne daga cikinsu. Jafaru ya ce ba wannan ya tambaya ba.

"Kai ne shugaban wannan garin a wasan," Munzali ya ce. "Ba a wucewa mataki na gaba sai an..."

"Sai an kashe ni."

"E."

"Duk wanda ya saya?"

"Duk wanda ya saya."

"Nuna mini."

Munzali ya ce a'a. Abdulsamad ma ya ce Yaya a bar wannan. Jafaru ya ce mutum miliyan uku sun gani, shi da abin ya shafa ne za a hana? Haka Abdulsamad ya ɗauki hannun gem ɗin. Bai ɗauki minti biyu ba.

Mutanen kamfanin sun kashe kuɗi a kan faɗuwar nan, wannan kam a ba su. Jafarun cikin laftof ya dafe ƙirji, ƙafar dama ta fara lanƙwashewa, ya durƙusa, ya jingina da rumbun marigayi ya zame. Idonsa bai rufe ba. Yana kallon wanda ya harbe shi.

"Jafaru," Inna ta ce, ta miƙa hannu ta taɓa gilashin.

Ɗan fari ne, shekara talatin da tara Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. Yaron nan take cewa, ko yayanku, ko mai mota. Ko ranar da aka kawo shi a karye daga hanyar Kano daga bakin ƙofa ta tsaya ta ce Allah ya sawwaƙe. Yau ta kira shi, kuma ba shi ta kalla ba.

Jafaru na gaske yana zaune a kan turmi taku biyu daga gare ta. Ya sunkuyar da kai.

Abdulsamad ya yi sauri ya danna wani abu don ya fitar da hoton, sai wasan ya koma farkon matakin. Ga Jafaru ya sake fitowa daga bayan rumbu da bindigarsa, lafiya lau, yana jiran na gaba. Inna ta janye hannunta ta sa a cinya.

*

Abdulsamad ne ya kawo shawarar. Ya ce tunda bidiyo ne ya ɓata, bidiyo zai gyara. A ɗauki Yaya a nan gefen rumbun na gaske, ya faɗi ko shi wane ne, Munzali ya tsaya kusa da shi ya amsa laifinsa, a nuna laftof ɗin da gem ɗin yana tafiya. Yana cikin guruf sama da arba'in, na 'yan gem da na 'yan kasuwa da na direbobi, kafin la'asar bidiyon zai zagaya jihar nan.

Munzali ya kama shawarar da hannu biyu. Karon farko a kwana biyar ya ji iska ta shiga ƙirjinsa.

Jafaru ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya tsaya. Bai iya kyamara ba, sai ƙifta ido yake, rana tana dukan fuskarsa. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya ce shi direban hatsi ne daga Sara, bai taɓa riƙe bindiga ba, duk wanda ya san shi ya yi masa shaida saboda Allah. Munzali ya yi nasa bayanin yana hawaye, bai ɓoye fuska ba. Abdulsamad ya fita har bakin masallaci inda sabis ya fi ƙarfi ya tura.

Suka yi azahar. Hadijatu ta kawo dambu ba wanda ya taɓa. Inna ta yafa mayafi ta fita, daga baya aka ji gidan uwar Ɗan'azumi ta je neman gafara, ta dawo idonta jawur.

Bayan la'asar Abdulsamad ya sake zuwa bakin masallaci ya dawo. Tun daga yadda ya shigo zaure Munzali ya gane. Ya miƙa masa wayar ba tare da ya kalle shi ba.

Bidiyon ya zagaya, wannan gaskiya ne. Mutanen Sara da na tasha sun yi shaida, su wajen ashirin, Malam Shehu har da murya ya tura. Sauran ɗaruruwan kuwa ba su san Jafaru ba, fuskarsa kawai suka sani.

"Karanta," Jafaru ya ce.

"Yaya, ba duka aka gama gani ba. Sai an ba shi kwana biyu."

"Karanta mini, Munzali. Ka iya boko, da shi ka kai ni can."

Munzali ya karanta. Wani ya ce ya aske gemu don ya ɓad da sawu, ga shi nan dai da tsagarsa. Wani ya ce an biya yaron ne ya yi kuka. Wani ya ce a duba da kyau, wannan na biyun da kwamfuta aka haɗa shi, dubi yadda fuskar ta dusashe, dubi yadda ido ke ƙiftawa ba daidai ba, yanzu ai babu abin da ba a haɗawa. Mutum ɗari biyu da wani abu sun danna sun yarda da shi. Na ƙasansa ya ce shi dai na farkon ya fi masa kama da gaskiya, don har gumi ana gani.

A nan Munzali ya daina karantawa. Ya san gumin nan. Mako goma sha ɗaya ya yi a kan fatar fuskar, yana gyara yadda haske ke sauka a kanta, har ciwon ido ya kama shi. Wayar Abdulsamad kuwa ta hannu ce, kyamararta duk ta karce. Ba yadda za a yi Yayan da ke tsaye a rana ya kamo wanda shi ya gina.

"Wato ni ne na ƙaryar," Jafaru ya ce.



Munzali ya durƙusa a gabansa. Ya ce zai nemi lauya, zai je gidan rediyo a Dutse, zai rubuta wa kamfanin kullum har su gaji. Yana faɗa yana jin yadda maganar ba ta da nauyi. Ko da kamfanin ya canja fuskar gobe, daƙiƙa arba'in ɗin nan suna cikin wayar mai shayi da mai faci da ɗan dako a kowace kasuwa daga nan har Kano, kuma waɗannan su ne masu duwatsu.

Jafaru ya saurare shi har ya gama. Sannan ya sa hannu ya ɗago shi, ya kakkaɓe masa ƙasar gwiwa kamar lokacin da yake ƙarami, wannan kuwa ya fi kowane duka ciwo.

"Ina da 'ya'ya biyar," ya ce. "Ban iya komai ba sai tuƙi. Dole in koma hanya."

Ya juya wajen Abdulsamad ya ce don Allah ya hau mashin ya je bayan kasuwa, gidan Ikrima wanzami, ya ce ana nemansa yanzu.

"Aski za a yi maka, Yaya? Ai ka riga ka..."

"Ba aski ba. Ka ce ya taho da askar tsaga."

Inna ta ɗago kai.

"Kumatun dama ya yi mini uku," Jafaru ya ce, yana nunawa da yatsa a fuskarsa. "Na hagun ya ratsa billen ta tsakiya, ya ƙara biyu a goshi. Duk yadda zai yi dai in daina kama da shi."

Inna ta miƙe tana dafa bango. Ta ce billen nan kakansa ne ya riƙe shi a cinya aka yi masa ranar suna, irin na ubansa ne, irin na uban ubansa. Ta ce ba a yi wa mai 'ya'ya biyar tsaga, fatar babba ba ta haɗewa kamar ta jariri. Tana magana tana kallon Munzali, shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa.

"Inna, ki yi haƙuri," Jafaru ya ce. "Waccan fuskar ta zama tasu."

Abdulsamad yana tsaye da makulli a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya. Jafaru ya cire farar rigarsa ya ninke ta ya miƙa wa Hadijatu kada jini ya ɓata ta. Ya jawo tabarma tsakiyar gidan inda haske ya fi yawa, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa.

"Je ka kira shi," ya ce. Sannan ya dubi ƙaninsa. "Kai kuma zo nan. Kai za ka riƙe mini kai."